Kwandon da Leola Ta Ƙi Karɓa

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san Leola Benner, ko da bai san sunan faston cocinmu ba. Gajeriya ce mai ƙiba, hannuwanta kullum jajaye saboda ruwan gishiri. Tun tana budurwa take aiki a ɗakin bandar kifi na bakin ƙorama, kuma a can ta yi furfura. Ni ma a can na yi tawa, a kan benci ɗaya da ita. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji yaran yanzu suna ba da labarinta yadda suka ga dama, wai mahaukaciyar da ta ƙi yarda mijinta ya mutu. Leola ta fi duk mai faɗin haka hankali, kuma a gabana aka yi komai.

A nan gaɓar Maine, a ƙasar Amurka, da zarar Mayu ya kama ruwa ya ɗan yi ɗumi, kifin da muke kira alewife yakan baro teku ya hau ƙoramarmu zuwa tafki don ya zuba ƙwai. Ruwan ya yi baƙi ƙirin da bayan kifi, tsuntsayen teku su cika sama da ihu, gari ya ɗauki ƙarni har cikin akwatin tufafi. Maza suna kwasa da koma, mu mata muna jiƙawa a gishiri, mu zura a sanda, mu rataye a hayaƙi. Wani a ɗura a ganga a tafi da shi, wani masu kamun lobsta, wato ƙaton jatan lande na teku, su saya su sa a tarko. Amma tun zamanin kakanni kifin ƙoramar na gari ne, kuma gari ya ware wa gwauraye kasonsu. Duk macen da mijinta ya mutu za ta zo da kwandonta ranar rabo a cika mata, ba ta biyan komai, ba ta durƙusa wa kowa. Ba sadaka ba ce, hakkinta ne. Matar marigayi mai injin katako ma, da duk dukiyarta, takan zo ta bi layi, in ba za ta ci ba ta miƙa wa maƙwabta.

Leola marainiya ce. Gwaggon da ta riƙe ta ba muguwa ba ce, amma ba ta taɓa shafa kanta ba. Da Orrin Benner ya fara tsayawa a ƙofar ɗakin banda yana yi mata surutu, nan da nan ta narke. Kyakkyawa ne, ba zan hana shi wannan ba, duk da kunnensa na hagu da ƙugiya ta tsaga tun yana yaro. Ni dai tun farko bai kwanta mini a rai ba. Dariyarsa ta yi yawa, kuma idonsa kullum yana kan hanya.

Yana da wani wasa da yake yi da kifin. A tsohon Turancin kakanninmu na tsallaken teku, alewife mace ce mai riƙe da gidan giya. An ce da suka sauka wannan gaɓa suka ga kifi mai tumbi, sai ya tuna musu da matan nan masu ƙiba da suka baro a gida suna zuba wa mutane giya. To, Orrin sai ya ɗauki kifi ɗaya, ya bubbuga tumbinsa da yatsa, ya ce, "Uwar ɗaki, a zuba mana ɗaya mai sanyi." Sannan ya kashe wa Leola ido. Ita kuma ta jefe shi da jiƙaƙƙen tsumma tana dariya har da hawaye.

In ana son gaskiya, babbar ribar auren nan ga Leola ita ce uwarsa. Inna Hattie gwauruwa ce, teku ta cinye mijinta tun Orrin yana ƙarami. Ranar da aka kawo mata amarya ta riƙe hannunta ta ce "'yata", kuma ba ta sake kiranta da wani suna ba. Ita ta koya mata gasa burodi, ita take taje mata kai ranar Lahadi kafin coci. Leola ta taɓa gaya mini cewa ranar farko da tsohuwar ta sa mataji a kanta, sai da ta ciji leɓe don kada ta fashe da kuka.

Sun yi wasu shekaru da aure, babu haihuwa. Wata safiya a watan Oktoba Orrin ya fita teku duba tarkunansa na lobsta cikin hazo. Da la'asar aka tsinci jirginsa yana yawo shi kaɗai a bayan tsibiri, injin a kashe, abincin ranarsa a ƙunshe bai taɓa ba. Ƙaramin kwale-kwalen da yake ja a baya ba ya nan, aka ce igiya ce ta tsinke. An yi kwanaki ana nema, ba a ga komai ba. Aka yi masa addu'a a coci, aka kafa dutse da sunansa kusa da na ubansa, babu kowa a ƙarƙashin ko ɗaya. Leola ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna Hattie ce take rarrashinta, tana cewa, "Ya bi ubansa, 'yata. Mutuwar maza ya yi, a kan aikinsa." Da wannan maganar tsohuwar ta riƙe kanta duk lokacin sanyin nan.

Da Mayu ya zagayo, saura kwana biyu a yi rabo, wani Bafaranshen Kanada mai suna Alcide ya zo da babbar mota ɗaukar ganguna. Da rana muna zaune muna cin abinci, shi da mu da Delmont Waltz, wanda gari ya ɗora wa kula da kifin. Delmont dogo ne mai sanyin magana, kafin ya gama jimla ɗaya kofi ya huce.

"Ku mutanen nan kuna ba ni mamaki," in ji Alcide, bakinsa cike da burodi. "Kifi mai mutunci, ku rasa sunan da za ku sa masa sai na mai gidan giya? Gasparo ne sunansa a wajenmu."

"Gaspa me?" in ji Delmont. "Wannan ai tari ne, ba suna ba. Kuma babu ruwan sunan da giya. Kakana ya ce mutanen da muka tarar a ƙasar nan suna da wata kalma mai kama da aluf. Bakinmu ne ya murɗe ta."

"Ƙarya kake, Dogo, a wurinmu kuka sata. Aloz, ɗan uwansa ne a kogunan Faransa. Kun ji, kun kasa faɗa, kuka lanƙwasa abinku."

Na ce, "Ku dai ku dubi tumbinsa, sannan ku gaya mini bai yi kama da mace mai zuba giya ba. Ku maza komai sai kun kai shi nesa."

Aka yi dariya, ba wanda ya sallama wa wani, kamar yadda ake yi kowace shekara. Delmont ya tashi ya koma wurin masu koma. Ni da Leola muka jawo sanduna muka ci gaba da zura kifi, Alcide kuma ya zauna yana sakace haƙori.

"Ai akwai ɗayanku a wajenmu," in ji shi. "Da kaka ya zo, ya ce daga Boston yake, amma ni na san maganar gaɓar nan in na ji ta. Yana aiki a ma'ajiyar kifin gishiri inda nake lodi. An yi an yi ya ce gasparo ya ƙi, har sunan ya bi shi, yanzu Alewife kowa yake kiransa. Ɗan duniya ne! Sai ya ɗauki kifi ya bubbuga masa tumbi, wai uwar ɗaki a zuba masa ɗaya mai sanyi. Har ya samu mace, wata mai shagon burodi, cikinta ya fito. Mai tsagaggen kunne, amma mata ba sa ganin kunnen."

Kifin da ke hannuna ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Leola kuwa ba ta tsaya ba. Ta zura wanda ke hannunta, ta ɗauki wani.

"Wane kunnen?" ta tambaya, ba ta ɗago kai ba.

"Na hagu. Kun san shi ne?"

"Mu a garin nan kowa kunnensa lafiya lau," in ji ta.

Alcide mai surutu ne amma ba wawa ba ne. Ya dube ta, ya dubi baƙin ƙyallen makoki da ke ɗaure a hannun rigarta, ya jefar da tsinken sakace, ya tafi duba tayoyin motarsa.

Da yamma a hanyar gida na tare ta. Cikin haushi na ce mata:

"Mu je wurin fasto yanzun nan. A tura maza su ɗauro shi su kawo shi, ɗan iska kawai!"

"A kawo shi a ba wa? Ni?" in ji ta. "Berta, Inna kowace Lahadi tana gaban dutsen nan tana hira da shi. In je in ce mata ɗanki bai bi ubansa ba, ya bar ki da ni kamar tsofaffin takalma, ya tafi neman mai haihuwa? Ke za ki iya?"

"To ki ja bakinki. Jibi ki ɗauki kwandonki a cika miki. Wa ya sani?"

"Ni na sani. Kifin matan da aka yi wa mutuwa ne. Ni ba mutuwa aka yi mini ba, guduwa aka yi aka bar ni. In tsaya kusa da Inna, kusa da matan da suka wanke mazansu da hannunsu, in miƙa kwando? Hannuna ba zai miƙu ba." Ta tsaya ta dube ni ido cikin ido. "Kuma in maganar nan ta fita, na san bakin da ta fito."

Haka Leola ta sa kanta a tsaka mai wuya. Ba za ta ci abin da ba nata ba, ba kuma za ta faɗi dalili ba muddin akwai wanda zancen zai kashe.

Ranar rabo ta rako Inna Hattie, ta riƙe mata kwando har aka cika. Delmont ya ɗebo wata koma ya juyo wurinta.

"Leola, ina naki kwandon?"

"Ba ni da kaso a nan, Del."

"Ai ke ma yanzu..." Ya kasa ƙarasawa.

"Ba a ga gawarsa ba," in ji ta.

Ba ta yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Matan layi suka yi ajiyar zuciya, wannan ta ce Allah sarki, waccan ta goge ido da gefen riga. Suka ce a bar ta, rauni ne sabo, baɗi za ta karɓa.

Baɗi ta zo ba ta karɓa ba, haka baɗin waccan. Mutanenmu suna da tausayi, amma tausayinsu ba ya jure jira. Daga "Allah sarki" aka koma "abin ya isa haka", daga nan aka koma raha. Aka ce tana ajiye fitila a taga don ya ga hanya, alhali ɗinki take a wurin saboda nan ne hasken ya fi. Aka ce tana ajiye masa faranti a tebur. In ta wuce gaban shago sai wani mara kunya ya ce, "Misis Benner, jirgin bai iso ba tukuna?" Ita kuma ta ce, "In ya iso kai zan fara aikowa ka ɗauko kaya, tunda ba ka da aikin yi." A waje bakinta bai taɓa mutuwa ba. Amma na sha ganinta a bayan ɗakin banda ta jingina goshi da bango, in na matso ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Gidan kuma ba wani abu gare shi ba. In kifi ya wuce sai ta koma kamfanin sa kifi a gwangwani, in sanyi ya rufe kamfanin ta wanke daɓen makaranta. Mace ta yini da kifi har gwiwa, ta koma gida su biyu su lallaɓa kwandon tsohuwa shi kaɗai. Na sha kai musu daga nawa gidan, in ce ya yi mana yawa. Wannan takan karɓa, don kyauta ce ba kaso ba.

Alcide yana zuwa kowane Mayu. Bai sake ɗaga zancen ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa ba. Sai dai in ya gama lodi zai wuce ta gaban bencinmu, ya dubi sama, ya ce, "Bana mun sha sanyi a wajenmu, amma kowa yana nan lafiya." Leola ta gyaɗa kai, ta ci gaba da aikinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Delmont. Mutumin nan ya daɗe yana sonta, kowa ya sani ban da shi, don sai da ya yi shekaru kafin ya gane abin da ke damunsa. Wata Lahadi bayan coci ya tsaya a bakin shingensu, hula a hannu, ya faɗi abin da ke ransa. Ina tsakar gidana ina shanya, kuma ba zan ɓoye ba, na rage motsi don in ji.

"Del," in ji ta, "da a ce ni gwauruwa ce, da ba ka gama tambaya ba na amsa. Amma ni matar aure ce."

"Leola, teku ba ta mayar da abin da ta ɗauka."

"Na sani. Ka je ka nemi mace, kada ka tsufa a bakin shingen nan."

Ya tafi yana jan ƙafa. Bayan shekara biyu ya auri wata daga garin gaba, mace mai kirki, ba ni da abin cewa a kanta. Ranar bikin Leola ce ta gasa musu burodi. Ni kuwa na ce mata a fuska ta cuci kanta saboda namijin da ko tuna ta ba ya yi. Ta ce, "Ba don shi ba ne." Na yarda da ita a lokacin.

Shekarar da ƙafafun Inna Hattie suka ƙi ɗaukarta, ta nace sai an kai ta wurin rabo. Aka ɗora ta a kujera, maza biyu suka sauke ta a bakin ƙorama, an lulluɓe ta da bargo duk da rana. Ta rame har ana ganin ƙashin hannunta. Da aka cika nata kwandon, sai ta zaro wani daga ƙarƙashin bargon, sabo fil, ashe ta sa an sayo mata a ɓoye. Ta miƙa wa Leola a gaban kowa.

"'Yata, karɓi."

"Inna, mu je gida, iska tana kaɗa ki."

"Ba inda za ni. Na san ba zan ga wani Mayun ba. Duk shekarun nan ban matsa miki ba, yau ina roƙonki. Muddin ba ki karɓi kifin nan ba, ɗana bai kwanta ba. Kin riƙe shi a kan ruwa, ya kasa isa wurin ubansa. Ki sake shi, 'yata. Ki tsaya kusa da ni sau ɗaya kafin in tafi."

Delmont ya tsaya da koma cike a hannu, kifi yana ta mutsu-mutsu a ciki. Ni ina bayan Leola, na tsunkule ta a baya, na raɗa mata, "Karɓi mana, don girman Allah. Kifi ne kawai."

Ta ɗaga hannu, na ga yatsunta sun kusa taɓa kwandon. Sai ta mayar da hannun ta cusa a aljihun rigar aikinta.

"Ki gafarce ni, Inna. Ba zan iya ba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta saki kwandon ya gangara ƙasa.

"Ashe taurin kanki ya fi miki ni," in ji ta. "Ku ɗauke ni."

A ranar garin ya juya wa Leola baya, kuma ni ma na yi kwanaki ban yi mata magana ba. Har yau ban san ko daidai ta yi ba. Wani lokaci in ce mace ce da ba ta iya ƙarya ko da hannu, wani lokaci in ce ƙarya ɗaya da kwandon kifi ba su kai hawayen tsohuwa ba. Abin da na sani shi ne ita ta yi jinyar Inna Hattie har ƙarshe. Ita ke juya ta, ita ke ba ta romo a cokali, ita ke taje mata kai. Tsohuwar ta koma kiranta "'yata" kafin sati ya zagayo, amma zancen kwando ba ta sake tayar da shi ba, kuma Leola ta san bai fita daga ranta ba. Da kaka ta rasu, tana ganin ɗanta yana can ƙarƙashin teku inda mazan kirki suke.

Bayan an binne ta na ce wa Leola, "To, yanzu wa kike karewa? Ki buɗe baki gari ya san wanda ya kamata a zaga."

"Na ɓata mata rai tana raye don kada ta sani," in ji ta. "Yanzu in sa a riƙa nuna kabarinta ana cewa ga uwar wanda ya gudu? Bar shi, Berta. Na saba."

Haka aka ci gaba har muka tsufa. Kifin ma ya ragu, gangunan suka ragu, yaran da suka tashi ba su san Orrin ba sai a dutse.

Wani Mayu Alcide ya zo, shi ma ya yi fari fat, ɗansa ke tuƙa motar. Da aka gama lodi ya nufo bencinmu kamar kullum. Amma bai dubi sama ba. Ya tsaya a gaban Leola, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Madam," in ji shi, "mutumin nan namu, wanda ba ya cewa gasparo. A watan Fabrairu ne. Ƙirji ne ya kama shi, bai daɗe yana jinya ba. Ni da kaina na ɗauki akwatin."

Leola ta ajiye sandar da ke hannunta a hankali. "Na gode, Alcide. Allah ya kai ka gida lafiya."

Ranar rabo da safe na ga ta fito daga gida da kwando a hannu, ta sa rigarta ta zuwa coci. Na yar da abin da nake yi na bi ta.

Matan layi suka gan ta tafe, hira ta tsaya. Sai suka matsa suka buɗe mata wuri a tsakiyarsu, wata ta dafa mata kafaɗa. Da layi ya kawo kanta ta miƙa kwandon. Delmont ya dubi kwandon, ya dube ta.

"Leola," in ji shi, "kin tabbata?"

"Nawa ne, Del. Cika shi."

Ya cika har ya yi tozo. Na ji wata a bayana tana cewa, "Kai, sai yau ta haƙura, baiwar Allah." Na ciji harshena na yi shiru.

Muka kama kwandon ni da ita, kowa da gefensa, muka kai shi gidanta muka ɗora a tebur. Ta zauna tana kallonsa. Na ɗauka za ta yi ajiyar zuciya ta ce ta huta, don ni abin da nake ji ke nan. Har na buɗe baki zan ce Allah ya raka taki gona, sai na tuna gawa ce, na haɗiye. Da na dube ta sai na ga haɓarta tana rawa.

"Duk Mayu in Alcide ya ce kowa yana lafiya," in ji ta, "sai in koma gida in ce to, watakila baɗi ya ji kunya ya dawo. Ba don in karɓe shi ba. Na shirya zagin da zan yi masa tun daga bakin shinge, kowace shekara ina ƙara masa wani. Haka nake gaya wa kaina." Ta sa hannu ta shafa kifin da ke sama. "Berta, shekara da shekaru ina jin haushin mutanen garin nan da suke cewa jiransa nake yi. Ashe sun fi ni sani."

Sai ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka, irin wanda ban ji ta yi ba tun ranar da aka tsinci jirgin. Ban rarrashe ta ba, don ban san da wace kalma ba. Na hura wuta, na gyara kifi huɗu na soya, na ajiye mata a gaba. Ta ɗago kai, ta jawo farantin, ta fara cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Hawaye yana zuba tana ci, kuma ba ta bar komai a farantin ba.